Liman Magaji da Rairayin Alhaji Ɗantani

Malam Magaji bai nemi limancin Tungar Gawo ba, gadonsa ya yi, kamar yadda wani kan gaji gona mai tsakuwa: ba ta sayuwa, ba ta kuma baruwa. Kakansa ne ya fara riƙe sandar huɗuba tun masallacin yana rumfar kara, ubansa ya karɓa, shi kuwa tun ranar suna aka rataya masa abin a wuya da aka kira shi Magaji. Garin ƙarami ne, yana gefen hanyar da ta tashi daga Bukkuyum ta nufi Anka. Ba shi da abin nuna wa baƙo sai wani tsohon gawo a bayan masallaci, sai kuma mazaje masu son gardama, waɗanda ko rana ce ta fito sai an sami wanda zai ce a bari a bincika tukuna.

Yana saurayi aka tura shi Gummi karatu. Ya dawo da littattafai a gafaka, da ɗan gemu tsilli-tsilli, da wani hali da ya hana shi jin daɗin duniya har yau: idan abu bai yi daidai ba, sai ya faɗa. Ya taɓa tsayawa a tsakiyar kasuwar Bukkuyum ya gaya wa mai awon gero cewa gindin mudunsa a loɓe yake, alhali ba shi ne mai saye ba, wucewa kawai yake yi. Da zinariya ta bayyana a dazukan yankin, masu haƙa suka yi ta zuwa ya rubuta musu abin da zai sa ta riƙa bin su. Ya ce da ya san irin wannan rubutun, da bai kwana a ɗaki mai yoyo ba. Suka tafi wurin wasu malaman, waɗanda yanzu ɗakunansu ba sa yoyo.

Matarsa Sahura takan ce ita an yaudare ta. Da aka ce liman za ta aura, ta zaci gidan cinyar rago da ƙwaryar goro za ta shiga, sai ta tarar da mutumin da ake kawo wa kyauta ya tsaya tambayar inda aka samo ta. Gero da wake yake nomawa kamar kowa, bayansa ya sunkuya kamar na kowa, abin da ya fi kowa da shi sandar nan ce kawai ranar Juma'a.

Akwai shekara guda da ba a wasa da ita a garin, ko a bakin mai son wasa. Shekarar da gubar dalma ta shiga Abare da Sunke da ƙauyukan kewaye, ta shiga Tungar Gawo ma. A cikin gidaje ake daka dutsen zinariya a lokacin, a turmin da ake daka hatsi, ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara suka yi ta mutuwa. Malam Magaji ne ya yi wa ƙananan gawarwakin salla, ɗaya bayan ɗaya, har da autarsa Hafsa, wadda ba ta gama koyon tafiya ba. Daga baya ma'aikata suka zo da hanci a rufe, suka yayyafa ruwa, suka kankare ƙasar gidaje, suka kai ta rami nesa da rijiyoyi suka binne. Ya tsaya ya kalli yadda suke yi tun daga farko har ƙarshe. Mutane suka yi kuka, suka yi rantsuwa ba za a ƙara ba. Rantsuwar maza kuwa kun san tsawonta: tana kaiwa daidai ranar da farashi ya tashi.

To, masallacin Tungar Gawo ba shi da siminti a ƙasa. Rairayi ake shimfiɗawa, al'ada ce tun ta kakanni. Kowace shekara idan an gama girbi sai a yi gayya, a ɗaura wa shanu amalanke, a gangara gulbi a ɗebo sabo, a kwashe tsohon da ya sha ƙafa. Sai 'yan bindiga suka mayar da hanyar gulbin tasu. Mazajen da ke cika baki a majalisa, da aka ce a je ɗibar rairayi, kowa ya tuna yana da ciwon baya. Tsohon rairayin ya ƙare, ƙasa ta fito tsirara, goshi ya fara jin jiki.

Ana cikin haka aka yi wa Malam Magaji rasuwa a Gummi, ɗan malaminsa na da, ya tafi ta'aziyya ya ɗan kwana biyu. Ya dawo ana shirin La'asar, ya sauka daga kabu-kabu, ya yi alwala, ya tuɓe takalmi a ƙofar masallaci. Ƙafarsa ta nutse cikin wani abu mai laushi kamar garin tuwo da aka tankaɗe. Fari-fari ne, sanyi gare shi, yana ɗan ƙyalli inda rana ta shigo ta taga. Ya ja salla, don lokaci ya yi. Da ya sallame ya juyo, sai ya ga jama'arsa jere, kowane goshi da farin tambari yana walƙiya, kamar an yi wa garin duka kwalliyar biki.

Ya kira Bello, ladaninsa kuma na'ibinsa, mutum mai daɗin murya da saurin cewa to.

"Bello, wa yat tahi gulbi?"

"Allah gafarta Malam, babu wanda yat tahi. Alhaji Ɗantani na yay yi muna sadaka. Mota guda yas sa anka juye."

"Daga ina?"

Bello ya dubi rufin masallaci, ko amsar tana can a maƙale. "Daga wurin aikinshi, Malam. Amma an wanke shi sarai. Wankakke na."

Wankakke ne kuwa, a nan Bello bai yi ƙarya ba. Alhaji Ɗantani yana da injinan niƙa dutse a bayan gari. A niƙa dutsen ya zama gari, a wanke shi a tsame zinariyar, abin da ya rage a tara shi tuli-tuli. Zinariyar ce ta fita, dalmar tana nan inda Allah ya ajiye ta. Wannan ragowar aka kwaso aka shimfiɗa wa bayin Allah su sa fuska a ciki sau biyar a yini.

Alhajin kansa yana sahun gaba, yana jan carbi yana jiran godiya. Taubashin Malam ne, ɗan gwaggonsa, tare suka yi kiwon awaki, saboda haka babu abin da ɗaya ba ya iya gaya wa ɗaya.

"Bawana, ka dawo?" in ji Alhaji. "Ka ga abin da ubangidanka yay yi maka? Yanzu ko kwana kaka so ka yi cikin sujada, sai ka yi."

"Ɗantani, kai da kanka ka san mi na na wanga."

"Rairai na."

"Shi na anka kankare daga gidajenmu anka kai rami. Ka manta? Gidanka ma an kankare."

"Wancan na daka na, wanga na inji na. Kuma ɗiya ƙanana abin ka kamawa. Nan duk manya muke, dubi gemunanmu."

"Gemunan naku nan kuka barinsu in za ku gida? Ƙahwahunku hwa? Rigunanku hwa? Wa ka hawan cinyarku in kun zamna cin tuwo?"

Alhaji ya yi dariya ya juya ga jama'a. "Kun jiya? Shekara da shekaru shina yi muna wa'azin a ba da sadaka. Yau na ba da, ya ce ba irin wagga ba. Kai dai, Magaji, ko aljanna anka kai ka, sai ka ce sahu bai miƙe ba."

Aka yi dariya. Malam bai yi ba. Ya ce a kwashe rairayin kafin Magariba. Magariba ta yi, rairayi yana nan, Isha'i ma haka.

Abin da ya biyo baya ya fi ba shi haushi. Masallacin da da Asuba ba ya wuce shi da Bello da tsofaffi 'yan kaɗan, sai ga shi ya cika maƙil har ƙofa. Samarin da ba a taɓa ganin goshinsu a ƙasa ba sai ranar Idi, su ne a sahun farko. Bello ya ce shiriya ce ta sauko wa garin gaba ɗaya. Malam ya yi shekaru yana roƙon wannan shiriyar, amma da ta zo bai yarda da fuskarta ba. Ya lura idan ya ɗago daga sujada, bayansa sai a daɗe ba a ɗago ba. Ya lura mutane suna shigowa da aljihu a lafe, su fita yana rinjayar riga gefe guda. Ashe wani mai wayo ne ya ce injin Alhaji ba ya tsame zinariyar duka, ya gwada wanke ɗan dunƙule a gida ya ga ƙyalli. Shi ke nan, kowa ya zama mai ibada. Ana "Subhana" da baki, hannu yana damƙa. Tsofaffin mata kuma, kada a ce su sun tsira, wasu suka riƙa aikawa a ɗebo musu na tabarruki, wai ƙasar masallaci ce ga ta da zinariya, a shafa wa mai ciwon kai.

Ranar Juma'a ya hau ya yi huɗuba a kan abin. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce addini bai yarda mutum ya cuci kansa ko ya cuci wani ba, ya ce wanda ya ɗauki wannan ƙasa ya kai gidansa, guba ya kai wa 'ya'yansa da hannunsa, ya ce sata a cikin sujada kuwa shi bai ma san sunan da zai ba ta ba, don malamansa na Gummi ba su zaci za a yi ta ba balle su koya masa. Jama'a suka yi ta gyaɗa kai suna "Na'am, Malam, gaskiya na." Aka sallame, aka fita da aljihu cike.

Washegari da Azahar ya ɗauki buzunsa ya zagaya bayan masallaci, ya shimfiɗa a gindin gawo. Ya ce shi ba zai ƙara jan kowa salla a kan wannan ƙasa ba, mai son binsa ga inuwa nan. Mutum biyu suka bi shi. Ɗaya Labbo ne, wani dattijon Bafillace da ke shigowa daga ruga, wanda ya ce shi dama ko shanunsa ba ya bari su sha ruwa kusa da injinan nan. Ɗayan kurma ne, bai san abin da ake ciki ba, ya ga liman ya fita ya bi shi. Sauran garin suka tura Bello gaba a ciki.

A gida ma bai sami sauƙi ba. Sahura ta ajiye masa tuwo da ƙarfin da miya ta fantsama.

"Malam, ni dai ina tambaya. Kakanka ya riƙe sandar ga, babanka ya riƙe, kai ko za ka yar da ita saboda ƙasa? Mata sun hwara yi min kallon matar tsohon liman tun ba a tuɓe ka ba."

"Ke ma kin san mi ke cikin ƙasar."

"Na sani, ban manta ba, kada ka tuna min. Amma ba ka iya bin su sannu? Ka ja salla, ka yi ta hwaɗa musu, wata rana su ji?"

"In na tsaya bisa gare ta na yi kabbara, na ce musu ta halatta ke nan. Bakina na cewa a'a, goshina na cewa i. Wanne za su ɗauka?"

"Wanda yaf fi musu daɗi," in ji Sahura. "Ai maza na." Ta ɗauke tulu ta bar shi da tuwonsa.

Ba a daɗe ba aka kira shi ƙofar Mai gari. Dattawa sun zauna a kan tabarmi, Alhaji Ɗantani a kujerar roba, Bello a rakuɓe kamar wanda aka kama da kazar maƙwabci. Kowa ya kawo hujjarsa, kuma wallahi da za su sa rabin wannan basira a gyaran rijiya da garin ya wuce haka. Wani ya ce abin da aka ba Allah ba a mayar da shi. Wani ya ce ƙasa ai tsarki ce, har taimama ake yi da ita, a wane littafi aka ce rairayi na karya salla? Wani ya ce wanda kwanansa ya ƙare ko a kan katifa yake sai ya tafi. Wani tsoho ya faɗi gaskiyar da ta fi sauran: gwiwoyinsa ba su taɓa jin daɗi irin na wannan makon ba.

Mai gari ya yi gyaran murya. "Malam, ba mu son raba gari biyu. Salla biyu a masallaci guda abin kunya na, har Bukkuyum an ji. Alhaji ya yi alheri, kwashe shi cin huska na. Jumma'a mai zuwa ko ka shiga ka ja mu, ko ka ba Bello sanda. Ka tahi ka yi shawara."

Malam ya dubi fuskokinsu. Babu wanda bai ɗaura wa aure ba a cikinsu, ko ya raɗa wa ɗansa suna. Da yawansu ya tsaya tare da su a maƙabarta waccan shekarar, ya ga yadda suka kasa ɗaga kai. Ya juya ga Mai gari.

"Ranka shi daɗe, in na shiga, za a kwashe?"

"Ba a yi wagga magana ba."

"To ba sai Jumma'a ba."

Ya tashi ya tafi gida da ƙafarsa, ya ɗauko sandar daga bayan ƙofa. Tsohuwar sanda ce, hannun mutum uku ya goge kanta har yana sheƙi. Ya dawo ya miƙa wa Bello. Bello ya ƙi karɓa, ya fara "Allah gafarta Malam, ni ban...", Malam ya kama hannunsa ya danƙa masa.

"Riƙe da kyau. Kuma ka rage gudu cikin Fatiha, ba kora aka yi maka ba."

Alhaji Ɗantani bai zaci abin zai kai nan ba. Ya ce, "Haba bawana, wasan ga hwa ya yi nisa." Malam bai ko dube shi ba.

Da safe, rana ta ɗan ɗaga, masu wucewa suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Malam Magaji ya tuɓe babbar riga, ya naɗe bakin wando, ya ja rawani ya rufe hanci da baki. Ga bokitin ruwa, ga shebur, ga tsohon daro. Ya shiga masallaci ya yayyafa ruwa a kusurwa don kada ƙura ta tashi, ya cika daron, ya ɗora a ka, ya bi ta tsakiyar gari zuwa tsohon ramin da ma'aikatan nan suka haƙa. Ya juye ya dawo. Bello ya rugo.

"Malam, don Allah! Liman ba ya ɗaukar daro!"

"Gaskiya na. Kai kada ka ɗauka. Ni ba liman ba na, mai sharar masallaci na, kuma ban ji an hana kowa shara ba."

Nan fa gardama ta tsaya musu a wuya. Su hana shi da ƙarfi? Wa zai kama hannun tsohon da ya koya masa alwala? Su bar shi? Mota guda ce ta rairayi, shi kuma mutum ɗaya ne mai ciwon baya. Sai suka yi abin da suka fi iyawa, suka zauna a inuwa suna kallo, suna cewa zai gaji. Ya gaji kuwa. Har Azahar kusurwar da ya kwashe ba ta fi shimfiɗar buzu biyu ba. Ya tsaya a bayan gari ya wanke jikinsa da tufafinsa kafin ya doshi gida.

Tun daga zaure ya jiyo muryar Sahura, irin muryar da takan sa kaji su bar gidan. Ya shiga ya tarar da ɗansu Tasi'u, magidanci mai sana'ar kabu-kabu, tsaye yana sosa ƙeya. A gabansa ƙwarya ce cike da farin rairayi da ruwa, a bayan rumbu inda ya zaci ba mai gani. Taku kaɗan daga wurin 'yarsa ce zaune a ƙasa, tana tsotsar yatsa. Sahura ta sure yarinyar ta saɓa a kafaɗa.

"Inna, kaɗan na hwa, gwadawa kawai..."

"Gwadawa! A gidan ga? A tsakar gidan ga da anka kankare ina kallo? Kai ba ka ɗauki ƙanwarka Hafsa ba zuwa asibiti, tana sanƙarewa a hannunka? Ɗan liman! Ubanka na can da daro a ka awa jaki, kai kana nan kana shigo muna da ita ta bayan gida!"

Ta juyo ta ga Malam. Ya zaci zai sami rabonsa, ya samu kuwa.

"Kai kuma, da kac ce suna kaiwa gida, mi ya hana ka ce har gidana? Sai ka tsaya kana yi wa maza huɗuba. Maza aka gaya wa magana?"

Ta miƙa yarinyar ga matar Tasi'u, ta ce a yi mata wanka yanzu-yanzu, ta yafa mayafi ta fita. Gida-gida ta bi. Ba ta yi wa kowa wa'azi ba, cewa kawai ta yi kowace ta je ta laluba aljihun mijinta da bayan rumbunta. Abin da aka samu a ranar ya isa a yi wa wani ƙaramin masallacin shimfiɗa. Aka ji gidaje sun ɗauki hayaniya ɗaya bayan ɗaya, kamar an saki kura a unguwa.

Da Malam ya koma da daronsa bayan La'asar, sai ya tarar da tsofaffin matan garin a ƙofar masallaci, kowace da kwano ko daro, hanci ɗaure da gefen zane, har da waɗanda suka aika a ɗebo musu na tabarruki, su ne ma suka fi kowa zafi. Sahura ce a gaba. Ba su shiga ba, suka ce shi ya cika ya miƙo, su su kai rami. Cikinsu har da gwaggon Malam, uwar Alhaji Ɗantani, wadda ba ta gani sosai, tana dogara sanda tana neman wanda zai ɗora mata kwano.

Wannan ne ya karya mazajen inuwa. Mutum yana iya kallon liman yana wahala ya ce taurin kansa ne, amma ba ya iya kallon uwarsa da kaya a ka gari yana gani. Alhaji ya iso da gudu, babbar riga na jan ƙasa.

"Inna! Mi kike yi nan? Aje, don girman Allah!"

"Sadakarka nika kwashe maka, ɗan nan, tun ba ta kai ka wuta ba."

Ya juya kan Malam, ido ja. "Magaji, kai kas sa a tozarta ni."

"Ni da ko matata ba ni iya sa wa ta yi abu? Ɗauki shebur, bawana. Ka rufe hancinka tukuna."

Bai ɗauki shebur ba, Alhaji ne fa. Amma ya aika aka kawo motar da ta juye rairayin da ma'aikatansa, samari suka karɓe darukan daga kan iyayensu, Tasi'u yana gaba-gaba don ya san abin da ke jiransa a gida. Aka yayyafa ruwa, aka kankare har sai da jar ƙasa ta fito, aka kai rami aka rufe. Matan suka koma suka share gidajensu da ruwa, suka hana kowane namiji wuce zaure sai ya kakkaɓe riga ya wanke ƙafa. Da Asubar washegari masallaci ya koma yadda yake: tsofaffi 'yan kaɗan. Shiriyar ta tafi tare da motar.

Za ku ce sai aka mayar masa da sandarsa. Ba ku san Tungar Gawo ba. Mayarwa na nufin Mai gari da dattawa su ce sun yi kuskure, kuma tun da aka kafa garin ba a taɓa jin wannan kalma a ƙofar Mai gari ba. Aka ce a bari ƙura ta lafa. Ta lafa, damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Bello da kansa ya kai sandar gidan Malam, Malam ya ce ba a ɓoye aka karɓa ba, ba za a mayar a ɓoye ba, waɗanda suka ce a ba shi su zo su ce a karɓa. Ba su zo ba. Sahura ta ce da shi da su duk jirgi ɗaya ya kwaso su, ta daina maganar.

Yanzu Bello ne liman. Malam Magaji yana sahun farko, daidai bayansa, yana gyara masa karatu da ƙarfin da na waje ke ji. Yana noman geronsa, ana kiransa wankan gawa da sulhun ma'aurata, don waɗannan ayyuka ne da ba mai ƙyashin su. Hanyar gulbi ba ta gyaru ba, Alhaji ya yi alkawarin siminti bayan damina, bai dai faɗi wace damina ba. Ƙasar masallacin tauri gare ta kamar dutsen niƙa, duk tsohon da gwiwarsa ta yi ƙara a raka'a ta biyu ya san wanda zai harara.

Ko a Juma'ar da ta wuce, Alhaji Ɗantani ya sallame, ya dafa bango da ƙyar ya miƙe, yana murza gwiwa.

"Ka gani ko, Magaji? Ka rasa sanda, mun rasa gwiwa. Mi kac ci riba?"

Malam yana neman takalminsa a cikin tarin na jama'a, ya sami ɗaya, ɗayan wani ya taka shi ya shige ƙarƙashi.

"Kawo siminti, Ɗantani," ya ce. "Kuma in ka tashi kawowa, ka hwaɗa min inda anka ɗebo yashin kwaɓawa."